Gida Takwas a Kwance

Tun farkon aurensu Goggo ta gane cewa akwai wani lokaci da safe da ba a yi wa mijinta magana. Da zarar ya sha shayi zai ja kujerarsa bakin taga, ya ninke jaridar Turanci har shafin baya ya dawo sama, ya zaro fensir daga bayan kunne. A shafin akwai wani zane da aka yanyanka gida-gida, wasu farare wasu baƙaƙe, ga jerin tambayoyi a ƙarƙashi. Kowace tambaya amsarta kalmar Turanci ce guda ɗaya, ana rubuta ta harafi ɗaya a gida ɗaya, wasu a kwance wasu a tsaye, suna ratsa juna. Sai ya cike gidajen nan kaf yake tunawa akwai mutane a duniya.

Aikinsa a maɗaba'a duba kurakurai ne. Duk abin da za a buga sai ya bi ta hannunsa, ya bi shi layi-layi da jan biro. Halin ya bi shi har gida. Allon shago in ya ga harafi ya ɓace sai ya tsaya ya gaya wa mai shagon. 'Ya'yansa suna makarantar kwana, in suka aiko da wasiƙa sai ya mayar musu da ita an ja layi a ƙarƙashin kuskure, sannan gaisuwa ta biyo baya. Shi ya sa unguwa ta raɗa masa Malam Gyara, sunan ya bi shi har na yanka ya ɓata. Ita kuwa Goggo ce ta kowa, don 'ya'yan wanta a hannunta suka tashi, yaran layi suka ji suna kiranta haka suka ɗauka. Sana'arta saƙa: hulunan jarirai, safa, rigunan sanyi. Tana zaune a kan tabarma gefen ƙofa da ƙwaryar zarenta, yana bakin taga da fensirinsa, haka suka tsufa, kowa da abin da ke gabansa. Ba ta taɓa tambayarsa me yake rubutawa ba, shi ma bai taɓa tambayarta yadda ake juya dunduniyar safa ba.

Bayan ya yi ritaya ne abin ya fara. Da farko masu buga jarida ya ɗora wa laifi.

"Yaran yanzu ba su san tawada ba," in ji shi. "Dubi wannan, kamar an wanke shi da ruwa."

Daga nan ya koma kan labulen taga, ya ce ya yi kauri. Aka cire. Ya canja tabarau, bai ga bambanci ba. Ranar da ya yi wa rigar da ta shanya a igiya sallama, yana tsammani maƙwabcinsu ne, Goggo ta buga wa Auta waya. Auta ita ce 'yarsu ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya ce a wani gari. Ta zo ta kai shi wurin likitan ido. Likita ya haska, ya duba, ya ce yanar ido ce ta rufe masa duka biyun, aikin kuma ƙarami ne, yau a yi gobe mutum ya tafi gida.

Malam ya ce, "Zan yi tunani."

Tunanin nan bai ƙare ba. Auta ta yi lallashi, ta yi fushi, ta sa masa irin wasan cike gidajen a waya da manyan haruffa. Ya ce hasken yana soka masa ido, yatsansa kuma yana danna gida biyu a lokaci ɗaya. Ta koma bakin aikinta rai a ɓace.

Mai jarida bai daina jefo jarida ba, Malam kuma bai ce ya daina ba. Kullum zai ja kujera, ya ninke ta yadda ya saba, ya ɗora a gwiwa ya zauna yana fuskantar taga. Abincinsa ya ragu. Abin da ya fi tayar wa Goggo hankali shi ne ranar da wani tsohon abokin aikinsa ya zo gaishe shi, ya kwaɓa wata kalmar Turanci da ita kanta ta ji ba ta zauna daidai ba, amma Malam bai ce uffan ba. Da baƙon ya tafi ta daɗe tana kallon mijinta. Mutumin da bai taɓa barin kuskure ya wuce ta gabansa lafiya ba.

Washegari ta ajiye saƙarta, ta jawo 'yar kujerar girki ta zauna kusa da shi.

"Kawo in karanta maka."

Ya juyo da fuska wajen muryarta. "Ke?"

"Ni. Ai na yi firamare kafin a cire ni. Haruffan ba su canja ba, ko sun canja?"

"Mai Saƙa, Turanci ne fa." Haka yake kiranta in yana son tsokana.

"To ai ba cinye ni zai yi ba."

Ya yi 'yar dariya, ta farko a cikin makonni, ya miƙa mata. Ta kai yatsa kan tambaya ta ɗaya ta karanta ta yadda take karanta Hausa, kowane harafi ta ba shi haƙƙinsa. Malam ya saurara, ya karkata kai, ya ce ta sake. Ta sake. Ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa.

"Wannan wane yare ne? Na rantse ko wanda ya rubuta ba zai gane abinsa ba."

"In dariya za ka yi, ga jaridarka."

"A'a, yi haƙuri. Faɗi haruffan ɗaya bayan ɗaya."

Ta faɗa. Kafin ta kai ƙarshe ya ɗaga hannu. "Gida nawa?"

Ta ƙirga da bakin fensir. "Biyar."

Ya faɗi amsa, ya jero mata haruffan, ta rubuta a hankali tana danne fensir har takarda ta kusa hujewa. Ranar sai da rana ta take tsaka ba su kai rabi ba, girki ya makara, amma da aka kawo abinci Malam ya cinye nasa har ya tambayi ko da saura.

A hankali suka samo hanyarsu. Za ta gwada kalma, in ya gane shi ke nan, in bai gane ba ta warware masa ita harafi-harafi. Sai ta gaya masa yawan gidaje da haruffan da suka riga suka faɗo ciki: gida na biyu A ne, na ƙarshe T. Shi kuma yana riƙe da zanen duka a kansa. Wani lokaci zai ce, "Koma ta goma sha biyu a tsaye, yanzu ta samu harafin farko," ta duba ta ga haka ne. Wannan ya ba ta mamaki. Shekara da shekaru tana ɗauka zaman banza yake yi da fensir.

Ba a daɗe ba ta ajiye sharaɗi.

"Ni fa na gaji da rubuta abin da ban san ma'anarsa ba. In zagin kaina nake rubutawa fa?"

"Wa zai zage ki a jarida?"

"Oho. Kowace kalma ka gaya mini abin da take nufi, in ba haka ba na koma saƙata."

Ya yi gunaguni cewa za a ɓata lokaci, amma ta lura daɗi yake ji. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana bayani ba a tambaye shi ba, yau ga mai tambaya har gida. Zai gyara zama, ya fassara tambayar da Hausa, ya faɗi amsar, ya kawo 'yan'uwan kalmar da kishiyoyinta, har inda ya fara cin karo da ita a wurin aiki. Wani lokaci sai ta katse shi, "Malam, ma'ana na tambaya, ba tarihin kakanninta ba."

Wata safiya tambaya ta zo: abin da ake yi da zare da ƙarafa biyu a samu rigar sanyi, gida huɗu.

"Yau an zo gidanki," in ji shi. "Saƙa ke nan. Rubuta K, N, I, T."

Ta rubuta *knit*, ta dube ta da kyau. "Kinit."

"Nit. Ba a faɗin K ɗin."

"To me ya kawo shi?"

"Haka ake rubutawa."

"Yana zaune a gaba, ya ci gida guda, ba ya aikin komai?" Ta tafa hannu. "Ashe Turawa ma suna da irin ƙanen nan naka, da ya zo mana kwana biyu ya shekara."

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Daga ranar duk harafin da ba a furtawa sunansa ƙanen Malam. Ta same shi a kalmar gwiwa, ta same shi a kalmar wuƙa, ta ce lallai dangin suna da yawa.

Ba kullum ake dariya ba. Wata rana ta tsallake layi, ta zuba amsar wata tambaya a gidajen wata, komai ya cakuɗe. Malam ya yi ta kawo kalmomi suna ƙin shiga. Da ya gano inda matsalar take ya daka mata tsawa irin wadda yake yi wa masu jera haruffa a maɗaba'a.

"Abu ƙanƙani kamar wannan! Lamba ce fa kawai za ki duba! Ido gare ki ko ado?"

Goggo ta miƙe. Ta ɗora masa jaridar a gwiwa, ta ɗora fensir a kai, ta shige kicin. Ranar ta wanke tukwanen da ba su yi datti ba. Abin da ya ƙona mata rai ba tsawar ba ce, ta saba da ita. Maganar idon ce, daga bakin mutumin da take ara wa nata.

Da safe ta fito da shayi ta tarar ya riga ya jawo 'yar kujerar girkin ya ajiye kusa da tasa. Fensir yana hannunsa, an fiƙe shi tsaf, a babban yatsansa kuma ga ɗan yanka yana tsattsafo jini. Da reza ya fiƙe, da lalube. Ya miƙo mata. Ta karɓa, ta je ta ɗauko auduga ta goge masa yatsan, tana faɗa ƙasa-ƙasa cewa wani dai ba ya jin magana. Sannan ta zauna ta ce, "Ta ɗaya a kwance."

Damina ta shigo ta same su a haka. Wata safiya ana yayyafi, ɗakin ya yi duhu-duhu, ta karanta wata tambaya mai kalma biyu. Ta farkon ta riga ta san ta, babba take nufi. Ta biyun ta ga kalmar ruwa a cikinta.

"Babban ruwa mai faɗowa daga kan dutse," in ji Malam. "Gida nawa?"

"Takwas, a kwance."

Ya juya fuska wajen taga. Can ya ce, "Wuce ta gaba."

Suka wuce. Kalmomin tsaye suka yi ta sauka suna ajiye haruffa a cikin gidajen takwas. Ta ce masa an samu C a farko. Ya ce ta bari tukuna. Aka samu T a na uku, aka samu wani T a ƙarshe. Duk sauran suka cika, ita kaɗai ta rage. Goggo ta san mijinta. In bai san kalma ba yakan yi ta taɓa goshi yana zagin wanda ya shirya wasan. Yau hannuwansa suna kan gwiwa, ba ya motsi.

"Malam, ka san ta."

"Na san ta."

"To faɗi mana."

Ya jero haruffan a hankali, ta rubuta *cataract*. Ta jira bayani kamar kullum, bayani bai zo ba.

"Ruwan dutsen ke nan?"

"Shi ne. Kuma ita ce kalmar da likita ya faɗa wa Auta a kaina. Sunan abin da ke idona ke nan da Turanci. Kalma ɗaya, ma'ana biyu."

Goggo ta sauke jaridar. "Me ya haɗa ruwan dutse da ciwon ido?"

"Da ni ma ban sani ba. Na sha cike ta a wasan nan, ban taɓa tsayawa na yi tunani ba." Ya ɗaga hannu ya yi nuni da saitin fuskarsa. "Yanzu na gane. Haka nake ganin komai, kamar ina tsaye a bayan ruwa mai zuba. Ga ki nan, na san ke ce, amma ruwan ba ya tsayawa balle in ga fuskarki."

Yayyafi yana ta sauka a kan kwano. Ta juya fensirin a hannunta.

"To me ya sa ba za ka bari a tsayar da ruwan ba?"

Ya sauke hannunsa. "Kin tuna Yaya. Shi ma ƙaramin aiki aka ce. Da ƙafarsa ya shiga, yana yi mini wasa a bakin ƙofa."

Ta tuna. Wansa ne da ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, aka shiga da shi tiyatar ciki bai farka ba. Malam ne ya sa hannu a takardar yarda da aikin, kuma tun ranar bai ƙara ambatar abin ba.

"Auta ta ce wannan ba a sa mutum barci," ta ce. "Kana farke za a yi."

"Na ji. Ba shi kaɗai ba ne. Yanzu ko ba komai ina ganin inuwarki tana wucewa. In aka taɓa ya lalace fa? Inuwar ma in rasa?"

Goggo ta dubi gidajen takwas da rubutunta a ciki, manyan haruffa masu karkata. Ba ta iya dogon lallashi ba, ba ta kuma taɓa gwadawa da shi ba.

"Ni dai Malam na gaji da zama inuwa," ta ce. "Na yi sabon ɗinki tun kafin damina, ba wanda ya ce mini ya yi kyau."

Ta tashi ta ɗora girki. Da yamma tana tsince zare sai ta ji ya ce daga bakin taga, "In kin samu Auta a waya, ki ba ni ita."

Ranar aikin Auta ta zo ta raka su. Ɗakin jira cike yake da tsofaffi, kowa an manna masa 'yar alama a goshi saitin idon da za a yi wa aiki. Malam ya ƙi zama wuri ɗaya. Ya tambayi ƙarfe nawa, ya ce an tsallake shi, ya ce benci ya yi tauri. A jikin bango akwai wani allo, Goggo ta tsura masa ido tana haɗa haruffa, don yanzu duk rubutun da ta gani sai ta gwada.

"Auta, wannan kalmar ta sama fa? P, A, T, I, E, N, T."

Malam ya riga 'yarsa. "Majinyaci. Tana kuma nufin mai haƙuri."

"Ita ma biyu ce?" Goggo ta dube shi sama da ƙasa. "To kai dai guda ɗaya ka samu."

Auta ta tuntsire da dariya, wata tsohuwa a gefensu ta taya ta ba tare da ta san zancen ba. Ana cikin haka aka kira shi. Ya miƙe, ya laluba ya kama hannun Goggo ya matse, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba, sannan ya bi ma'aikaciyar.

Ta fito da saƙarta don ta rage zaman. Hular jariri ce, abin da take yi ido rufe. Ta yi layi biyu ta ga ta zubar da idon saƙa, ta warware. Ta sake, ta sake warwarewa. Daga ƙarshe ta cusa komai a jaka ta zauna tana kallon ƙofa, bakinta yana motsi da addu'a. Da aka turo shi a keken marasa lafiya, ido ɗaya a rufe da auduga, abin da ya fara cewa shi ne likitan yaro ne mai hankali amma yana haɗiye ƙarshen kalmominsa. Nan ta san ya dawo.

Washegari aka cire audugar. Ya yi ta ƙifta ido, hawaye yana zuba, ya dubi bango, ya dubi hannunsa, sannan ya juyo ya dube ta. Ya daɗe yana kallo har ta ji kunya ta gyara mayafi.

"Mai Saƙa, yaushe kika yi furfura haka?"

"Ranar da na fara karatun Turanci."

"Wannan ne ɗinkin?"

"Shi ne."

"Ya yi kyau," in ji shi. Auta ta juya baya tana gyara jakar magani da ba ta buƙatar gyara.

Bayan 'yan makonni aka yi ɗaya idon, aka ba shi sabon tabarau. Ranar da likita ya yarda ya yi karatu, ya sha shayi, ya ja kujera bakin taga, ya ninke jarida, ya zaro fensir. Goggo ta fito daga kicin tana goge hannu, ta kai hannu za ta ɗauki 'yar kujerarta, sai ta ga kansa a sunkuye, fensir yana gudu. Ko ɗagowa bai yi ba. Fuskarsa kamar ta yaron da aka mayar wa abin wasansa. Ta saki kujerar, ta koma tabarmarta ta jawo ƙwaryar zare.

Ta yi murna, wannan ba shakka. Abin da ta roƙa ke nan. Amma safiya ta yi mata tsawo. Tana saƙa tana jin ƙarar fensir, sai ta kama kanta tana son sanin gida nawa ne, wane harafi ne a farko. Wani lokaci zai yi 'yar dariya shi kaɗai, ta ɗago tana jira ya faɗa mata, sai ya ci gaba da rubutu. Me za ta ce? Mutum ya samu idonsa, a ce ya dawo yana ara?

Wata safiya ya shiga wanka mai jarida ya jefo jarida. Goggo ta ɗauka za ta ajiye masa a kujera, sai ta buɗe shafin baya, don ta duba kawai. Ta ga wata tambaya da ta taɓa gani, don masu wasan suna maimaita kalmomi. Gaɓar ƙafa, gida huɗu. Gwiwa ce, mai ƙanen Malam a gaba. Ta nemi fensir ba ta gani ba, yana bayan kunnen mai shi ko a banɗaki. Biron da take rubuta awon kwastomomi ne a kusa. Ta rubuta. Ta ga wata, ta rubuta. Ta uku tana neman abin da ba shi da ɗumi, ta rubuta *cold*. Ta ji motsin ƙofa, ta ajiye jaridar ta koma tabarma kamar ba ita ba.

Malam ya zauna, ya ninke, ya tsura wa shafin ido.

"Wa ya taɓa mini jarida?"

"Mu nawa ne a gidan?"

"Da biro! Wa ya taɓa cike wannan da biro?" Ya matso da ita kusa da tabarau. Ta ci gaba da saƙa, kanta a sunkuye kamar yarinyar da aka kira gaban aji. Ya bi na farko da bakin fensir, ya wuce. Ya bi na biyu, ya wuce. A na uku ya tsaya.

"Wannan ba ita ba ce."

"Ba sanyi take nufi ba?"

"Sanyi take nufi. Kalmar daidai ce, gidan ne ba nata ba. Zo ki gani."

Ta taso ta leƙa ta kafaɗarsa. Ya nuna mata kalmar da za ta sauko a tsaye, wadda dole ta ajiye O a gida na uku. "*Cool* suke so. Taki sanyi ne sosai, wannan sanyi-sanyi ne, irin na ruwan randa."

"To su faɗa mana. Mutum zai shiga cikinsu ne?"

"Abin da nake fama da shi ke nan shekara da shekaru." Ya dube ta ta saman tabarau, ya dubi haruffanta masu karkata. Sannan ya ce, "Tsayuwar me kike yi? Ina kujerar taki?"

Daga ranar aikin ya juya. Shi ke karantawa ya fassara, ita ta laluba ma'anar da Hausa, in ta san ta Turancin ta faɗa, in ba ta sani ba ya ba ta harafin farko ya jira. Jiran yana yi masa wuya, tana ganin amsar tana yi masa ƙaiƙayi a baki, amma yana daurewa. Ya je kasuwa da ƙafarsa ya sayo mata ƙaramin ƙamus na Turanci da Hausa. Ta buɗe, ta miƙa hannu nesa, ta kanne ido, ta matsa bakin taga.

"Masu buga littafin nan rowar tawada gare su," ta ce.

Malam ya sauke jaridarsa a hankali. "Tun yaushe kike riƙe takarda nesa haka?"

"Haka nake riƙewa."

"Duk watannin nan haka kika yi ta karanta mini?"

"Da wa zai gani ya faɗa?"

Bai saurari gardamarta ba. A satin ya kai ta wurin likitan, shi a gaba ita a baya, yana nuna mata matakala kamar bai taɓa yin tuntuɓe a kanta ba. Likita ya ce ba yana ba ce, shekaru ne kawai, tabarau ya ishe ta. Ta zaɓi mai ruwan ƙasa, Malam ya ce baƙin ya fi, ta ɗauki mai ruwan ƙasa.

A motar haya ta dawowa ta samu gefen taga. Tabaran na karatu ne, an ce ta cire in tana kallon nesa, sai ta yi ta ɗaga shi tana saukewa, ta dubi allon shago ta saman gilashi, ta duba ƙamus ta cikinsa. Wanda ba ta samu ba ta tambaye shi. Ya gaya mata na shagon magani, ya gaya mata na masu gyaran taya, ya nuna mata wani allo da aka rubuta harafi ɗaya sau biyu inda bai kamata ba, ta ce ita ma ta ga kamar ya yi yawa. Suna cikin gardamar wata kalma da ke jikin motar burodi, ko gasawa take nufi ko toyawa, yaron mota ya buga ƙofa ya ce an zo ƙarshen hanya, kowa ya sauka.

Suka dubi waje. Sun wuce layinsu da nisa.

"Kai da kake da sabon ido," in ji Goggo.

"Ke da kike gefen taga."

Suka sauka. Rana ta yi sanyi, ba kuma abin da ke jiransu a gida sai wankin da ta jiƙa. Malam ya karɓi jakarta ya rataya, suka tsallaka titi suka kama hanyar gida a ƙafa.